Mailafiya da Masu Taya Shi Zama

Ƙanena Mailafiya, in ka gan shi yau da furfura da tabarau, mushe guda, wato malamin makaranta, da ya koyar da Ingilishi har ya gaji, sai ka rantse bai taɓa ɗaga wa kowa murya ba. Ni Lantana da na goya shi na san ranar da ya ɗaga ta, kuma har gobe in na tuna raina ɓaci yake yi.

Shi kaɗai aka kai lakwal, makarantar boko, a gidanmu na Tarka. Kansa na ja, aka yi ta tura shi gaba, har bayan samun mulkin kai da 'yan shekaru ya shiga makarantar horon malamai a Damagaram, wai za a mai da shi mai koya wa 'yan kwaleji Ingilishi. Faransanci ya sha shi kamar kunu, amma Ingilishin nan ya tsaya masa a wuya. A shekarar ƙarshe ya faɗi jarrabawar baki. Aka ce ya je hutun damina ya shirya, ya dawo ya sake. In ya kuma faɗuwa, to sai gida, wahalar shekaru ta tashi a banza.

Ya iso da littattafai cike da akwatin ƙarfe. Abin da yake so bai taka kara ya karya ba: a bar shi shi kaɗai ya yi ta karatu da ƙarfi har harshensa ya lanƙwasu. To, a garinmu wa ake bari shi kaɗai? Mutum in ya keɓe, ko ciwo ne, ko rashi, ko fushi, kuma wanda ya gan shi ya wuce bai san zumunci ba.

Da ya shimfiɗa tabarma a gindin aduwar bayan gida, sai ga Kawu Sidi, yayan Ummarmu, ya taso daga gona.

"Haba ɗan nan, kai kaɗai kamar maraya? Gusa mini."

Kafin ka ce kwabo an zama taro. A yi ta ruwan bana, a yi ta jakin wane da ya shiga gonar wane, shi kuwa yatsa cikin littafi yana ta amsa gaisuwa. Ya gudu kwari. Can ma wani Bafulatani makiyayi, Dado, ya tsinto shi, ya ji tausayinsa, ya kawo masa nono, ya zauna har rana ta karkata. Ashe Umma ce ke ƙara wa wutar kara, tana bin mutane tana cewa su riƙa leƙa yaron, wani abu na cin sa.

Na ce, "Umma, karatu fa yake!"

Ta ce, "Karatun allo ma a taro ake yin sa. Wannan wane iri ne?"

Kai, na sha takaici! Na koma kan Mailafiya na ce ya sami Kawu a keɓe ya faɗa masa da lalama. Ya sunkuyar da kai, wai, "Yaya, da wane bakin?" Ka ji shi. Ya yi ta haɗiyewa har gero ya fid da kai, komawa ta matso, akwatin nan ko rabi bai taɓa ba.

Rannan Kawu ya zo da baƙinsa daga Belbeji, su ga yaron da ke yaren Turawan Kano.

"Ɗan yi musu kaɗan su ji," in ji Kawu.

Mailafiya ya miƙe. "Kawu, don girman Allah ku tashi ku ba ni wuri! Ni ba zama nake ba, aiki nake! Ku ne ba ku da abin yi!"

A gaban baƙi fa. Kawu ya tashi. Ya ɗauki takalmansa a hannu, ya ce, "Allah ya ba da sa'a," baƙin suka bi shi.

Daga ranar ko akuya ba ta ƙara ratsa gindin aduwar ba. Ya yi karatunsa, ya koma Damagaram, ya ci jarrabawa, aka ba shi aji. Da ya zo hutu na gaba, gidan Kawu ya fara zuwa, ya durƙusa ya nemi gafara. Kawu ya ce ya wuce, ai ɗa ne.

Washegari Mailafiya ya shimfiɗa babbar tabarma, ya hura gawayi, ya ɗora shayi, ya jera kofuna, ga goro. Mutane suna wucewa, su rage murya, su ɗaga hannu daga hanya: "Sannu da aiki, mushe." Ina kallo daga bakin darni, na rasa wa zan ji wa haushi, shi ko su.

Can sai ga Kawu. Mailafiya ya tashi da sauri har ya kusa ture butar.

"Kawu, bisimilla, ga shayi ya nuna."

Kawu ya tsaya, ya yi murmushi. "A'a, mushe, yi aikinka. Mu da ba mu da abin yi, ma sami inuwa a gaba."

Ko littafi babu a hannunsa ranar. Da la'asar ni na kwashe kofunan, ba wanda ya buƙaci wanki.