Jan Biro a Ƙasan Shafi

Yarinyar da na haifi wadda ta girme ta ita ce ta jefe ni da karin magana, da Turanci, kuma da jan biro. Haka na ɗauki abin a lokacin, ba zan ɓoye ba.

Ina da shekara arba'in da bakwai na shiga ajin manya a nan Haɗejiya. Sana'ata bandar kifin da ake kawo min daga Kirikasamma. In na juya kifi da sassafe, sai in goge hannu da toka da lemon tsami, in ɗauki littafi in tafi. Duk da haka takarduna ƙauri suke yi. Malamarmu, yarinyar da nake faɗa, siririya ce, mai sanyin murya, ba ta taɓa toshe hanci ba.

A zango na uku ta kawo mana karin maganar Turawa. Ta rubuta su a allo, kowace da ma'anarta a gefe, muka yi ta hadda. Ran nan na ci aikin gida duka, karo na farko a rayuwata. Da littafi ya dawo sai na ga ta ƙara layi ɗaya a ƙasa, wanda ba ya cikin na allo. Na bi shi da yatsa, na gane a kan makara yake magana.

Mu a nan, yaro ba ya yi wa babba karin magana. In kuwa mace ta ajiye miki ita ba ki tambaya ba, habaici ne. Na ce wato furfurata take nunawa, ni ce na makara. Na rufe littafi, na cusa shi ƙarƙashin tabarma, na daina zuwa. Dokar ajin kuwa, wadda ta yi mako biyu ba ta zo ba an soke sunanta, babu ita babu jarrabawa.

Maigidana ya ce, “Hajiya 'yar boko, yau ma hutu aka ba ku?”

Na ce, “Malam, ka ji da shinkafarka da ruwa ke shirin cinyewa.”

Rana ta goma sha biyu, da la'asar, aka yi sallama. Damina ce, kogi ya cika ya malalo har bakin unguwarmu. Sai ga Malama, takalmi a hannu, zani jiƙe har gwiwa. Ta durƙusa ta gaishe ni.

“Iya, lafiya? Saura kwana biyu a cire ki.”

Na zaro littafin na buɗe mata. “Wannan fa? Na san na tsufa, sai kin rubuta min?”

Ta duba, ta dafe ƙirji. “Wayyo Iya! Wallahi ba zagi ba ne. Cewa take gara a makara da a ƙi zuwa. Su Turawa suna faɗinta ne in wanda aka fid da rai da zuwansa ya iso. Murna ce.”

“Yaro ma ya faɗa wa babba?”

“Har jika ya faɗa wa kaka.”

Ta murza bakin mayafi. Ta ce mahaifiyarta kullum takan ce za ta shiga aji in an gama girbin shinkafa. Girbi ya yi ta zuwa yana wucewa, har Allah ya karɓi abinsa. “Ke kin zo, Iya. Shi ya sa ke kaɗai na rubuta wa.”

Na tashi na ɗauko mata busasshen zani, don kada ta ga idona. Amma ban bar ta haka ba.

“Ke ma da laifinki, 'yar nan. Kin koya mana abin da magana ke nufi, ba ki gaya mana wa ke faɗa wa wa ba, da wace fuska. Ai rabin ma'anar ke nan kika bari a gida.”

Ta yi dariya har da hawaye. Na naɗe mata kifi uku a takarda, ta ƙi, na daka mata tsawa, ta karɓa.

Washegari ban jira kifi ya gama shan hayaƙi ba. Na ɗauki littafin na ja layi biyu daga sama har ƙasa, shafi ya rabu uku: maganar, ma'anarta, sai mai faɗa da wanda ake faɗa wa. Na ɗage zani na ratsa ruwa. Ni na riga kowa isa, na zauna a bencin gaba, na buɗe shafin a kan teburinta.