Maniru Tela Bai Sayar da Wasan Shagari Ba

Ranar Talata, 19 ga Agusta, 2025, jim kaɗan bayan sallar azahar, Allah Ya karɓi ran Maniru Abubakar Siddiƙ, telan da ke da shago a layin 'yan yadi na kasuwar Bodinga. Ya rasu a wani asibiti a Sakkwato bayan jinyar kwana tara, yana da shekara talatin da huɗu. An dawo da shi gida, aka yi masa sutura kafin magariba ana yayyafi. Ya bar mahaifiyarsa, da matarsa Atika, da 'yarsu guda, Ummukulthum, mai shekara shida. Dukanmu na Allah ne, kuma wurinSa muka nufa, kowa da ranarsa.

Maniru, shekara goma sha ɗaya kana yi mini ɗinki, ban taɓa zuwa karɓa ka ce in dawo gobe ba. Kowa a Bodinga ya san ƙa'idarka: goma ga azumi kake rufe karɓar kayan Sallah. Bayan nan ko wanda ya haife ka ne ya kawo yadi, sai ka ba shi haƙuri, ka tashi da kanka ka raka shi shagon wani tela. Na taɓa ce maka kana korar kasuwa. Ka ce gara mutum ya yi fushi da kai ranar goma ga azumi da ya zage ka ranar idi. Idan an yi rasuwa a unguwa kai ake kawo wa likkafani, ka ajiye duk abin da ke kan keke, kuma ba ka taɓa karɓar ko sisi a kai ba. Manoman Danchadi da ke kawo albasa kan tsaya ƙofar shagonka da yagaggen buhu ko yagaggiyar riga, ka ɗinke, kana tsokanarsu cewa sun bar maka warin da zai kwana uku a shago.

Duk wannan mutane sun faɗa a wajen zaman makoki, kuma gaskiya suka faɗa. Amma akwai maganar da ba a yi ba, kuma a wuyana take. Maganar wasan da aka yi a garin Shagari ce.

Sai na ɗan yi bayani saboda waɗanda ba su san wasan ba. Wasa ne na waya da mutum takwas suke yi a lokaci ɗaya. Kowa yana da fili, yana sayen mayaƙa da zinarin wasa yana jera su, sannan ya ɗauke hannu. Mayaƙan ne ke yin faɗan da kansu, zagaye bayan zagaye. Wanda aka ci, sai a rage masa jini. Da jini ɗari ake farawa, wanda nasa ya ƙare ya fita, wanda ya rage shi kaɗai shi ne gwani. Sai dai wasan yana da wani tsari: wanda ya jera faɗuwa ana ƙara masa zinari, wanda ya tara zinari bai kashe ba ana ɗora masa wani a kai, kuma wanda ya fi kowa ƙarancin jini shi ke fara zaɓar makami. Saboda haka akwai masu barin a ci su da gangan a zagayen farko. Suna sayar da jini suna sayen zinari, sai wasa ya yi nisa su zazzage abin da suka tara gaba ɗaya, su fito da rundunar da ba wanda ya isa ya tare ta. Dabara ce sananniya a wurin masu wasan, kuma mai haɗari, domin wanda ya yi jinkiri kaɗan jininsa zai ƙare zinarinsa na ajiye.

Ita ce hanyarka, Maniru, kuma a Bodinga ba wanda ya kai ka iya ta. Kawunka Mainasara ya taɓa leƙa wayarka a shago, ka yi masa bayanin zinarin da ke haifar zinari. Ya ɗaure fuska ya ce, "Kai Maniru, wanga ba kuɗin ruwa ba ne?" Ka ce, "Kawu, waɗanga kuɗi ko goro ɗaya ba su saye." Ya ce to ka tuba duk da haka, ko don kandagarki.

Washegarin Sallah ƙarama ta 2023, ranar Asabar, aka shirya gasa tsakanin matasan Bodinga da na Shagari a wani gidan kallo da ke Shagari. Mutum huɗu-huɗu. An haɗa waya da talabijin don 'yan kallo su gani, kuma da yake kai ne gwanin Bodinga, wayarka aka haɗa. Kofi ne kawai aka sa, amma an cika mota uku daga Bodinga. Ina cikinsu, saboda shafin labaran yankinmu da nake rubutawa.

An makara wajen farawa, saboda janareta. Da aka fara, duk ɗakin yana kallo ka cire mayaƙinka mafi ƙarfi daga fili ka ajiye shi gefe. Aka ci ka. Zagaye na gaba aka sake cin ka. Sau bakwai a jere. Jininka ya sauko talatin da ɗaya, kai ne na ƙarshe a cikin takwas, 'yan Bodinga suna ta ihu a bayanka, kai kuwa ko waiwaye ba ka yi ba. Daidai nan mai gidan kallon, Sama'ila, ya shigo ya ce ƙarfe uku ta yi, za a fara ƙwallon Turai, mutane sun cika waje suna jira. Ya zare wayar talabijin. Alƙalan gasar mutanen ƙwallo ne, ba wanda ya taɓa buga wasan a cikinsu. Suka yi abin da suka sani: lokaci ya cika, a duba maki. Aka haɗa jinin kowane ɓangare, na Shagari ya fi, aka miƙa musu kofi. Ka tashi kana cewa ba haka ake yanke wasan nan ba, ba wanda ya saurare ka.

Kafin mu iso gida magana ta riga mu. Atika 'yar Shagari ce. Ya sakar wa surukansa, in ji mutane.

Washegari na wallafa rahoto. Na sake karanta shi a makon nan. Na rubuta cewa Bodinga ta sha kashi a Shagari, cewa an ga ɗan wasanta Maniru Tela yana cire gwanin mayaƙinsa da hannunsa, cewa ya faɗi sau bakwai a jere, cewa 'yan kallo na zargin da gangan ya yi, kuma matarsa 'yar Shagari ce. Babu jimla ɗaya a ciki da za a ce ƙarya ce. Amma jimlolin da aka jera su haka, abu ɗaya suke faɗi, kuma abin ba gaskiya ba ne. Ban tambaye ka ba. Ban tambayi ko mutum ɗaya da ya san wasan ba. Shagonka bai kai tafiyar minti biyar daga gidana ba.

Daga nan sunan ya bi ka: Surukin Shagari. An fara da wasa, ya zama suna. An cire ka daga zauren 'yan wasan Bodinga na waya. Da babbar Sallah ta zo, samarin da suka saba cika maka shago suka kai yadinsu wani wuri, har wani ya ce wanda ya sayar da wasa zai iya rage yadi. Tela ba shi da jarin da ya wuce yarda. Atika ta daina zuwa biki a unguwa na wani lokaci, saboda mata suna tambayarta ina kofinsu.

Ba ka zo ka yi mini ƙorafi ba. Ni ne na kawo maka ɗinki bayan wata shida, ina ɗari-ɗari. Ka gaishe ni kamar kullum, ka auna ni, ka ce na ƙara ƙiba. Da za ni tafi sai ka jawo benci.

"Yaya, zauna ka buga ɗaya. Ni ka nuna ma."

Na ce ban iya ba. Ka ce ai shi ya sa. Ka miƙo mini wayar, kana tsaye a kaina da tef a wuya. Aka ci ni zagaye uku, na kai hannu zan sayi mayaƙi, ka riƙe mini yatsa.

"Bari. Wanga ma faɗuwa za ka yi. Amma ka faɗi da kyau."

"Mi ne ne kuma faɗuwa da kyau?"

"Ka kashe mishi uku, ya rage da ɗaya. Ka faɗi, amma jini kaɗan anka ɗiba. In ka bari anka share ka duka, wauta ce. In kuma ka yi kuskure ka ci, ka ɓata jerin. Tsakiya ake bi, Yaya, kamar yankan wuyan riga."

A nan na gane cewa abin da na gani a Shagari na kira shi sakaci, shi ne aiki mafi wuya a wasan. Da jinina ya kai talatin da 'yan kai ka ce, "To yanzu zuba duka." Na zuba. Na ci zagaye biyar a jere, na ƙare na biyu, ni da ban taɓa riƙe wasan ba. Na ɗago na kalle ka.

Ba ka yi mini gori ba. Ka karɓi wayarka ka goge gilashin da gefen riga, ka ce, "Yaya, abu ɗaya ni ka roƙo. Ka gyara rubutun nan. Ni ban damu ba, na saba. Amma ɗiyata ta shiga makaranta. Wata rana za ta iya karatu, ta rubuta sunana a waya, shi za ta fara gani."

Na ce insha Allahu cikin makon nan. Wannan a watan Oktoba na 2023 ne.

Ba ni da uzurin da zan kawo. Na ɗauka ƙaramar magana ce, wasan waya ne, an manta. Wani ɓangaren kuma, gaskiya, nauyin fitowa in ce na yi kuskure ne. Sau biyu ka ƙara tuna mini, cikin raha, na ce ina sane. Daga baya ka daina. Ka ci gaba da yi mini ɗinki, kuma ko sau ɗaya bai makara ba.

Ranar sadakar uku, ina zaune a ƙofar gidanku, wani mai babur ya tsaya ya tambayi wa ya rasu. Aka ce Maniru tela. Ya ce, "Wane Maniru? Surukin Shagari?" Aka ce shi. Ya yi addu'a ya wuce. Ba da mugunta ya faɗa ba, sunan da ya san ka da shi ke nan. Ƙanen Atika yana zaune kusa da ni, ya sunkuyar da kai.

A ranar ne kuma Kamal ya zo gaisuwa daga Shagari, wanda ke kan gaba lokacin da aka tsayar da wasan, aka miƙa masa kofi. Na ja shi gefe na yi masa tambayar da ya kamata in yi tun shekara biyu da suka wuce. Ya ce, "Malam, mu huɗu duk mun san abin da shika yi. Filinshi kawai muke leƙe. Zinarinshi ya wuce hamsin, mu kuwa mun kashe namu. Da anka zare wayar nan, wallahi ajiyar zuciya na yi." Na ce da an bari zai ci? Ya ce bai sani ba, jini talatin da ɗaya ba yawa ba ne, zagaye biyu marasa kyau sun isa su fitar da mutum. "Amma sayarwa? Wa zai saya? Mu tsoronshi muke ji." Ya ce ya faɗi haka a lokacin, aka ce yana kare mijin 'yar garinsu ne.

Na ji wasu sun fara cewa rayuwarka ma haka ta kasance, ka yi ta haƙuri kana tarawa, aka tsayar da wasan kafin ka zuba. Ba zan bi su ba. Ajali ba kuskuren alƙali ba ne, ka cika kwanakinka daidai yadda aka rubuta maka. Abin da aka yanke ba daidai ba shi ne hukuncin Shagari, da rahoton da ya biyo bayansa. Na farkon ba ni da iko a kansa. Na biyun nawa ne.

Saboda haka ga gyaran, kuma na riga na ɗora shi a saman tsohon rahoton, inda duk mai neman sunanka zai fara cin karo da shi. Rahoton da na wallafa ranar Lahadi, 23 ga Afrilu, 2023, ya bar mai karatu da fahimtar cewa Maniru Abubakar Siddiƙ ya saki wasa don amfanin Shagari. Wannan ba gaskiya ba ne. Ya faɗi zagayen farko da gangan, bisa dabarar da masu wasan suka sani, domin ya ciyo wa Bodinga kofi. An tsayar da gasar kafin ta ƙare, aka yanke ta da ƙa'idar da ba tata ba. Ban ji ta bakinsa ba kafin in wallafa. Ya nemi in gyara yana raye, ban gyara ba. Laifin nawa ne, ba nasa ba, ba na matarsa ba.

Na san ya zo a makare, Maniru. Ba zan iya kawo maka shi shago ka karanta ka ce ya yi ba. Na je na karanta wa Atika da mahaifiyarka daga bakin ƙofa. Mahaifiyarka ta ce ai kai ka yafe tuntuni, ka faɗa mata. Atika ba ta ce ta yafe ba, kuma tana da gaskiya.

Ya Allah, Ka jiƙan bawanKa Maniru, Ka yafe masa kurakuransa, Ka yalwata masa kabarinsa, Ka sa haƙurin da ya yi da mu ya zama nauyi a mizaninsa. Ka suturta shi kamar yadda ya suturta mamatanmu. Ina miƙa ta'aziyyata ga mahaifiyarsa, da Atika, da Ummukulthum, da Kawu Mainasara, da telolin kasuwar Bodinga, da surukansa na Shagari waɗanda aka ɗora wa abin da ba su yi ba. Allah Ya ba ku haƙuri, Ya raya abin da ya bari cikin albarka. Mu kuma da muka kira shi da sunan da ba nasa ba, Allah Ya yafe mana, Ya sa mu cika da imani idan tamu ta zo. Amin.