Ranar da na shanya barkono a filin fareti

Lokacin da abin ya faru ni amarya ce ɗanya shakaf, 'yar manomi daga wani ƙauye a yankin Dawakin Tofa, inda gona ke manne da gona, ba a barin ko taƙin ƙasa ya zauna a banza. Mijina soja ne, kofur. Mun daɗe muna jiran a ba shi gida a bariki, ina zaune wajen iyayensa, don haka ranar da ya samu ɗaki da falo na yi murna har da hawaye. Ga famfo a bakin ƙofa, ga wutar lantarki, ga asibitin da ake duba iyalan sojoji. Ni da na saba jan guga, sai na wuni ina buɗe famfo ina rufewa kamar yarinya.

Da rani Baba ya aiko mini da buhun ɗanyen barkono daga gonarsa ta Watari. Dole a shanya shi, in ba haka ba ya ruɓe, ga shi bayan ɗakinmu ko tabarma ba ta shimfiɗuwa. Amma can gaban gidajen akwai wani makeken fili, an malale shi da kwalta, a share tas, babu akuya babu kaza. Na lura mutane kewaye shi suke yi, na ɗauka zafin kwalta suke gudu. A garinmu har gefen titi muke shanya, sai na ce a raina lallai mutanen bariki ba su san arziki ba. Maigida yana fita aiki na kinkimi buhuna, na baza shi ja wur a tsakiyar filin, na koma gindin darbejiya ina ɓare gyaɗa.

Ban daɗe ba sai ga wani dattijon soja da sanda a hammata. Ashe shi ne Arasam, mai kula da ladabin bariki, wanda sojoji ke rawar jiki in sun hango shi. Ya tambayi mai kayan, na durƙusa na gaishe shi, na ce nawa ne Baba, in ya bushe zan aika wa iyalinsa. Ya tambayi sunan mijina da lambar ɗakinmu, na faɗa masa da fara'ata. Da la'asar mijina ya dawo fuska a murtuke, ya ce filin fareti ne na shanya wa barkono, wurin da farar hula ko takawa ba ya yi, kuma an ce mai yiwuwa a karɓe gidan. Na yi ta kuka, ina tunanin da wace fuska zan koma ƙauye.

Magajiya, shugabar matan bariki, ita ta ja hannuna zuwa ofishin Arasam. Ta ba da haƙuri, ta ce laifin har da nata, tunda amarya ta zo ba ta zaunar da ita ta karanta mata dokokin wurin ba. Ya dube ni ya ce, “'Yata, a filin nan muke tsayawa mu girmama 'yan uwanmu da suka tafi daji fagen fama ba su dawo ba.” Wallahi kunyar da na ji ta fi tsoron. Aka bar mana gidanmu, aka ƙara wa mijina kwanakin gadi, shi da abokansa suka share filin suna ta atishawa. Har yau in na shiga kasuwar bariki Uwar Barkono ake kirana, ni ma dariya nake yi.

'Yan uwana mata da za a kai bariki, don Allah ku riƙa tambaya kafin ku taɓa komai, domin laifin mace a can kan mijinta yake sauka. Ku kuma da kuka daɗe, ku ja baƙuwa a jiki tun ranar farko. Na gane gidan da na yi wa kuka aro ne, namu ne muddin maigida yana raye yana aiki. Yanzu haka yana daji. Kullum in zan je kasuwa sai na kewaye filin nan ta gefe, ina roƙon Allah kada ranar da za a tsaya a cikinsa saboda mijina ta zo.