Ƙas ɗin da ke gaban saukar taɓarya

Shekara biyu bayan babban fari, tun Dutse ba ta zama babban birnin jiha ba, kakarmu Dada ke tara mu gindin murhu a Limawa da an idar da isha'i. Ban taɓa zama a aji ba. A nan na yi karatuna, kuma ban ga mai raina shi ba.

Takan ce, "Ga ta nan tafe, mai kunne ya tare ta." Tatsuniyar da ta fi zauna mini ita ce ta makauniyar da ambaliya ta tafi da 'yarta. Ta bi gari gari da sandarta, ba ta tambayar kowa, sai ta tsaya bayan danga tana sauraron daka. Ana yi mata dariya, "Baiwar Allah, turmi ai duk turmi ne." Ita kuwa ba saukar taɓarya take bi ba. 'Yarta kafin ta sauke taɓarya takan ɗan taɓa leɓen turmi, ƙas, kamar ba a yi ba. A gari na bakwai ta ji shi.

Nan Dada za ta sa mu rufe ido, ta yi ta ƙwanƙwasa ƙwarya da sauri. "Wa ya ji ƙas ɗin? Ke Hansatu, bakinki ya fi kunnenki girma!"

Bara jikata Rukayya ta dawo daga jami'a a Kafin Hausa da jakarta, wai ta haƙura da karatun Turanci. Sau biyu tana faɗuwa jarrabawar sauraro. Turawa in suna sauri, in ji ta, haɗiye wasu 'yan kalmomi suke, "a" da "di", ba ta iya bambance su.

Na ce ta kunna mini a wayarta. Ko kalma ɗaya ban gane ba, amma na ji daka. Na jawo ƙwarya ina bugawa duk inda muryar ta sauka da nauyi.

"Kaka, ke da ko baƙi ba ki sani ba?"

"Rufe ido, 'yar nema. Bar manyan, ji abin da ke gabansu. Ɗaya numfashi ne kawai, ɗaya kuwa sai harshe ya taɓa haƙori."

Kwana uku muna yi. Rana ta huɗu ta riga ni ɗaga yatsa alamar ta ji ƙas ɗin, washegari ta nufi tasha da jakarta.

A da na ɗauka labarin makauniyar nan na son uwa ne kawai. Ashe Dada kunne take gyara mana, don mai ƙarfin murya kowa na jin sa. Cikin mu tara na gindin murhun nan, saura ni da Yaya Talatu a Garki. Ita ma yanzu sai an ɗaga mata murya.