Malam Ɗantani, Mai Zaɓa Wa Kyamara Ido

Da hantsi Malam Ɗantani yake buɗe shagonsa a bakin titin Wudil. Ya shimfiɗa farin ƙyalle a kan tebur, ya jera gilasan kyamara, ya bi su ɗaya bayan ɗaya da ɗan burushi. Shekara talatin da huɗu ke nan yana gyaran kyamara da ɗaukar hoto. Bana ya ce idonsa ya gaji, zai huta.

Abin da ya fi ba mutane mamaki game da shi shi ne yawan tambaya. Radiyya, ɗalibar jami'a, shaida ce. Ta samu babbar kyamara irin wadda ake kira ful-firem, za ta yi aikin kammala karatunta a kan mata masu ginin tukwane a wajen Utai, saura wata guda ta miƙa. Gilashin zum, wato mai matso da hoto kusa, ɗaya za ta iya saya, ga biyu sun raba mata hankali: mai 24-70, ga nauyi amma yana gani ko a duhu-duhu, da mai 24-105, mara nauyi, mai jawo nesa, amma mai son haske.

"Baba, wanne ya fi?"

"A ina matan suke zama in suna aiki?" in ji shi.

"Wallahi ban lura ba."

"To, je ki lura." Ya ɗauko irinsu nasa guda biyu ya ara mata.

Kwana biyu ta dawo ranta a jagule. A cikin zaure matan suke aiki, mai jawo nesan ya fitar da hannayensu dishi-dishi. Ɗayan kuma sai an matso, ga shi Inna Talatu, babbarsu, da ta ga kyamara kusa sai ta juya baya.

"Kin gaishe ta?"

"Na gaishe ta, Baba."

"Kin zauna?"

Radiyya ta girgiza kai.

"Ɗauki mai ganin duhun," ya ce. "Nisan da ya rage, da zama ake cinye shi."

Kwana uku tana kwaɓa musu yumɓu, kyamara na cikin jaka. A rana ta huɗu Inna Talatu da kanta ta ce, "Ke 'yar nan, ɗauki hannun nan kafin ya daina aiki." Da hoton nan Radiyya ta buɗe aikinta, ta kuma ci nasara.

Kai ne, Malam Ɗantani, ba ka taɓa cewa wannan ya fi wancan ba sai ka ji inda za a kai shi. Mai haƙurin tambaya, mun gode. Allah ya ƙara lafiya, ya sa hutun ya yi albarka. Masu sana'ar da ke tasowa, shagon bai rufe ba tukuna. Ku je ku zauna.