Lauyan da Ya Ƙi Shan Furar Inna

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, sha shida ga watan Maris na 2010, ina bakin kasuwar Isa, wani ɗan kabu-kabu da ya taso daga Sabon Birni ya tsaya ya ce Lauya Amiru Labbo ya rasu da hantsi, bayan gajeriyar jinya. Na sake tambayarsa sunan, ya maimaita. Sai na nemi wuri na zauna.

Lauya, ni ba mai ilimi ba ne, firamare kawai na yi. Masu ilimi za su rubuta shari'o'in da ka ci. Ni kuwa ba ka taɓa tsaya mini ba. Ranar da na fara saninka, kai ne lauyan abokin shari'armu.

Ga yadda abin yake. Babanmu yana da gona a bakin fadama nan Kamarawa, wadda ko ruwa ya yi gardama ba ta rasa abin ba mutum. Da ciwo ya kwantar da shi, sai ya ba maƙwabcinmu Baba Bawa aronta. Al'adarmu, wanda ya ari gona, duk kaka zai ɗauko dami ɗaya da kansa ya kai ƙofar mai ita, don kowa ya san aro ne. Shekarar da fari ya haɗu da fara, hatsi ya yi kai amma babu ƙwaya. Duk da haka Baba Bawa ya ɗaure damin zangarniya wofi ya kawo ya jingina a zaurenmu. Awaki suka cinye shi. Babanmu ya rasu cikin rani, mutanen da suka ga damin suka watse ci-rani. Da muka nemi gonarmu, sai Baba Bawa ya ce ai saye ya yi. Ya ɗauke ka, mu kuwa ba mu da kowa.

Ka zo ganin gonar da rana tsaka, zufa ta jiƙa maka riga. Mahaifiyata, Inna Tasalla, ta dama 'yar furar da ta rage mana, ta tare ka a hanya. Tana da lissafinta: a wurinmu wanda ya sha furarka ba ya iya cutarka. Ka durƙusa ka gaishe ta, ka ce, "Inna, ba za ni sha ba."

Ta ce, "Ɗiyana, ƙyama ce?"

Ka ce, "A'a, Inna. Ni na Bawa ne har a gama. In na sha, ke za ki sa rai, shi kuma zai yi zargi."

Ta buɗe baki za ta ba ka labarin gonar, ka ɗaga hannu. "Kada ki faɗa mini komai. Duk abin da na ji a bakinki, aikina ne in yi amfani da shi a kanki. Ki adana ma alƙali."

Inna ta dawo gida da ƙwaryarta a cike. Ta ce tunda take ba ta taɓa ganin mutum mai taurin zuciya irinka ba. Ni ma haka na ɗauka, kuma haka mutanen gari suka yi ta faɗa, cewa lauya ba ya da kunya, wanda ya ɗauke shi kawai ya sani.

A kotu ni na tsaya a madadin Inna. Alƙali ya tambaye ni shaida, na ce ba ni da kowa, sai dai damin da babu ƙwaya, wanda awaki suka cinye. Mutane suka fashe da dariya. Wani daga baya ya ce, "To a kira awakin mana!" Ina tsaye ina jin kunya, amma idona yana kanka. Kai ba ka yi dariya ba. Ɗan manomi ne kai, a Unguwar Lalle aka haife ka, ka san mutum ba ya sungumar dami wofi ya kai ƙofar wani a kan gonar da ya saya. Ka juya a hankali ka dubi Baba Bawa. Shi kuma ya dubi ƙasa.

Akwai mutum biyu a waje da Baba Bawa ya kawo su shaida cinikin. Kiransu kawai za ka yi, mu rasa gonar. Sai ka miƙe ka roƙi alƙali ya ba ka lokaci ka gana da wanda kake karewa. Na hango ku a gindin darbejiya. Ka cire hularka ka zauna a ƙasa tare da shi. Yana tashi yana wurga hannu, kana jawo shi yana zama. Ban ji ko kalma ɗaya ba. Da kuka dawo, ba a kira shaidun nan ba. Baba Bawa ya ce da bakinsa aro ne.

Na zaci shi ke nan, ashe ba ka gama ba. Ka tsaya ka kafe cewa Bawa ya zuba taki a gonar, kuma al'ada ta ba shi ya ci takinsa kafin ya saki. Ka yi ta magana har alƙali ya bar masa damina ɗaya. Wannan damina ta yi mana tsawo, Lauya, kuma na ji haushinka. Sai daga baya na gane cewa ƙaryar kawai ka ƙi ɗaukar masa, amma haƙƙinsa ba ka bar ko ƙwaya ta faɗi ba. Saboda haka har yau muna gaisawa da Baba Bawa, jikokinsa suna shiga gidanmu.

Bayan an gama komai, wata rana sai ga ka a ƙofar gida kana sallama. Ka ce, "Inna, ina furar nan tawa?" Ta ce, "Marar kunya, ai ta yi tsami." Ta shiga ta dama wata, ka shanye tas. Ranar na tambaye ka mi Baba Bawa ya faɗa maka a gindin darbejiya. Ka yi murmushi ka ce, "Maliki, wannan maganar Bawa ce, amana ya ba ni. Da ita za ni shiga kabari." Ga shi ka shiga da ita.

Bana ma ruwa ya ɗauke da wuri. Gonakin tudu sun ƙone, samari da yawa sun bar gari. Mu abin da ke rumbunmu daga gonar fadamar nan ya fito. Da Inna ta ji rasuwarka, sai ta nufi rumbun. Ta ɗebo hatsin ta daka da hannunta, ta hana kowa taya ta, ta ɗora mini ƙwaryar fura na kai Sabon Birni wurin zaman makoki. A can na tarar da Baba Bawa ya riga ni isa. Shi ya fara sha.

Ina miƙa ta'aziyyata da ta Inna Tasalla ga maiɗakinka Hajiya Safiyatu, da ɗiyarka Binta da ƙannenta, da 'yan uwanka na Unguwar Lalle, da abokan aikinka lauyoyi. Allah Ya ba ku haƙurin wannan rashi, Ya raya abin da ya bari. Kai kuma, Lauya Amiru, Allah Ya jiƙanka, Ya yafe kurakuranka, Ya haskaka kabarinka. Yadda ka rufa asirin Bawa ka kuma bar mana gonarmu, Allah Ya rufa naka asiri ranar da kowa zai tsaya shi kaɗai. Allah Ya shayar da kai daga tafkin Alkausara. Amin.

Maliki Na'Allah, Kamarawa