Makullin da Yake Tambayar Lokaci

Yayata ungozoma ce a wani ƙaramin asibiti a Umarari, ita ta jefa ni cikin wannan aiki. Sakamakon gwajin jinin masu ciki sai an tura wa likita a cikin gari, su kuwa ta waya suke turawa, hoton takarda da suna da komai. Sai wata mai sayar da bandar kifi a Baga Road ta ƙi yarda a ɗebi jininta, ga ciki ya tsufa, ga jiri yana ɗibarta. Ta ce wayar ma'aikata hannu-hannu take yawo, ba za ta bari sirrinta ya riga ta isa kasuwa ba.

"Kai da kake cika mana baki da kwamfuta," in ji Yaya, "haɗa mana abin da zai tura ba wanda ya gani."

Na samo 'yar na'ura da ba ta fi tafin hannu ba. Irinsu kai kake harhaɗa musu manhaja, ƙunshi bayan ƙunshi, ga ƙwaƙwalwa 'yar mitsitsiya. Abin haushin, ƙunshi ba ya zuwa shi kaɗai. Ka gayyaci ɗaya ya taho da danginsa, kamar walimar unguwarmu. Ƙunshin makulli, wanda yake hargitsa saƙo yadda likita kaɗai zai iya karantawa, shi ya fi kowa 'yan rakiya. Na yi ta kora ina tsaki har kowa ya samu wurin zama. Na ma cusa abin da nake taƙama da shi: ana kunnawa, allon ya cika da launi ya rubuta "Wushe", wato "sannu" a yaren garinmu.

A ɗakina, inda sola ke riƙe da ita, lafiya lau. A asibiti ma haka, har aka ɗauke wuta. Da wutar ta dawo, na'ura ta ƙi tura komai.

Na sha wahala kafin na gano. Ashe makullin ba ya buɗe hanya sai ya duba shaidar kwamfutar likita, ya ga ko tana cikin wa'adinta. Na'urar kuwa ba ta da agogo mai batir. Wuta na ɗaukewa sai ta manta rana, ta koma wata shekara tun ba a haife ni ba, makullin kuma ya ga shaidar ba ta cikin wa'adi, ya ƙi buɗewa. Waɗanda suka rubuta makullin sun ambaci duk abin da ya dogara da shi, ban da agogo. Ina ruwansu, ba a ɗauke musu wuta! Raina ya ɓaci sosai.

Na ce wa Yaya ko mu cire makullin na ɗan lokaci.

"In ba ta kulle ba, kwashe kayanka," ta ce. "Na yi wa matar nan alkawari."

Na sayo ɗan agogo mai batir irin na agogon hannu na liƙa mata. To, shi ma yana da nasa ƙunshin, wuri kuma babu. Dole "Wushe" ta fita, da launukanta da haruffanta masu kyau. Wallahi ya yi mini ciwo. Yaya ta yi mini dariya, ta ce gaisuwa ita za ta yi da bakinta.

Da hannunta ta zare wayar wuta, ta mayar. Allo ya taso baƙi, ba ado, amma ya san ranar. Saƙo ya tafi.

Matar nan mai kifi ta ba da jini. Likita ya ce jininta ya yi ƙasa ƙwarai, aka ɗora ta a kan magani, ta haihu lafiya. Bayan ta gama wankan jego na je duba batir, sai ga ta da goyo, tana jaye da maƙwabtanta biyu na kasuwa, kowacce da ciki, suna ta noƙewa. Ta nuna musu mummunan allon nan nawa.

"Ku miƙa hannu a ɗiba," ta ce. "Wannan ba ta kai gulma."